Takardar Koken Marinin Jugu

Shekaru sun tura, ido ya raunana, sunayen mutane da yawa sun zube daga kaina, amma ranar da aka zaunar da ni gaban wani marini a Jugu, da takarda biyu a kan tebur tsakaninmu, ba ta taɓa barin zuciyata ba. Ku da kuke aikin koyar da manya karatu a yau kun sha tambayata abin da ya sa nake tsananta muku a kan misalan da kuke sakawa cikin littattafan darasi, har wasunku suna cewa tsoho ya cika faɗa. To ga dalilin na rubuta muku, Allah kuma shi ne masanin abin da zan faɗa.

A zamanin juyin-juya-hali ne, lokacin da jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar nan, aka kuma hana kowa kiran kowa da wani laƙabi sai "kamarad". Gwamnati ta ƙudurta koya wa manya karatu da rubutu da harsunansu na gida. Aka buɗe ofishi a nan Paraku, kowane harshe da teburinsa: na Bariba, na Dendi, na Fulatanci, da na Hausa can kusa da ƙofa. Da yake masu koyo da Hausa ba su da yawan da za a yi musu ofishi biyu, abin da muka tsara a Paraku shi ake aikawa har Jugu. Ni aka ba teburin Hausa.

Ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yaro ba. A zauren mahaifina na fara karatu, sannan na zauna gaban malamai a Jugu da ƙetaren iyaka, na karanci fiƙihu da nahawu da lugga gwargwadon abin da Allah ya hore. Boko da ɗan Faransancin da nake da shi, a hannun wani maƙwabcinmu akawu na tsince su ina da gemu. Saboda haka ba a ɗauke ni cikakken ma'aikacin gwamnati ba. "Mataimaki" aka rubuta a takardata, wato wanda ake iya sallama da baki, ba sai an rubuta komai ba.

Shugaban ofishin, wanda muke kira Direkta, matashi ne ɗan garin nan. Na san mahaifinsa yana sayar da yadi a kasuwar Arzeke. Ya yi karatu a Kwatano ya dawo da tabarau da jakar fata. Da farko ya rasa yadda zai kira ni: in ya ce Malam ya saɓa wa jam'iyya, in ya ce kamarad kawai ya ji nauyin furfurata. Sai ya haɗa su biyun, na zama Kamarad Malam.

Ga yadda aiki yake tafiya a lokacin. Mai tebur ya rubuta darasi da hannu, ya sa wa kowane babi kai da Faransanci domin shugaba ya san abin da ke ciki. Direkta ya duba ya sa hannu. Daga nan sai a kai wa mai buga tafireta, ta buga a kan wata takarda mai kakin zuma da ake kira sitansil, a ɗaura ta a injin da ake juyawa da hannu, ya riƙa fito da shafuffuka. A ɗinke su, a aika wa malaman azuzuwa. Mai tafiretarmu Madam Adiza ce, dattijuwa mai 'ya'ya biyar daga unguwar Ganu, wadda ta buga wa shugabanni iri-iri takardu tun kafin juyin, ta kuma ga yadda kowannensu ya ƙare.

A shekara ta biyu aka ce waɗanda suka iya haɗa baƙi suna bukatar sanin abin da za su yi da shi. Aka umarci kowane tebur ya rubuta babi a kan ire-iren rubutu: a samo wa kowane iri sunansa a harshen, a bayyana shi, a kawo misali. Ban taɓa jin daɗin wani aiki a ofishin nan kamar wannan ba, domin shi ne ya fi kusa da abin da na taso a cikinsa. Malamanmu ba sa shiga wani fanni sai sun fara iyakance shi, sun faɗi abin da ya shiga cikinsa da abin da ya fita.

Wata biyu na yi a kansa. Na rubuta cewa rahoto shi ne ka faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da lokacin, ka kuma kame ra'ayinka. In ka saki ra'ayin, ya zama sharhi, kuma babu laifi a sharhi muddin an kira shi da sunansa. Tarihi labarin abin da ya wuce ne, da sharaɗin ka faɗi daga wa ka ji shi. In tarihin na mutum guda ne daga haihuwarsa, shi ne tarihin rayuwa. Wasiƙa tana da mai aikawa da wanda aka aika wa, sanarwa kuwa ta kowa ce. Wasiyya magana ce da mai ita ba zai kasance ba ranar da za a yi aiki da ita, don haka ba ta ɗaukar kalma mai duhu. Shaida ita ce mafi nauyi: abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji, ba na wani ba, kuma za ka tsaya a kansa gaban kowa. Sai takardar koke. Bayan waɗannan duka na ɗauki rula na ja layi mai kauri, na rubuta tatsuniya da ƙagaggen labari a ƙarƙashinsa, na ce abin da ke saman layi alkawari ne ga mai karatu cewa ya faru, abin da ke ƙasa kuwa babu wannan alkawari a kansa.

Matsalar ta zo ne wajen misalai. Abokan aikina na sauran tebura ƙirƙirar nasu suka yi, su zauna su rubuta wasiƙar wani manomi da ba a taɓa haifa ba zuwa ga ɗan'uwan da babu shi. Ni kuwa na raina wannan. A tarbiyyar da aka yi mini, ba a kafa ƙa'ida da misalin da malami ya ƙera da kansa. Ana kawo magana ta gaske wadda aka san mai ita. Kuma jingina magana ga wanda ya faɗe ta amana ce, wanda ya ɓoye sunan mai magana ana ɗaukarsa ɓarawon ilmi. Na yi shekara talatin ban karanta wa ɗalibi jimla ɗaya ba sai na ce wane ya faɗa, Allah ya ji ƙansa. Ban lura da cewa addu'ar nan ta ƙarshe tana nufin wani abu ba. Duk waɗanda na saba ambaton sunansu sun riga sun mutu, babu jandarman da zai iya zuwa ƙofarsu.

Na samo misalai na gaske. Wasiƙa, na ɗauki wadda ƙanena ya aiko mini. Sanarwa, na kwafo ta rigakafin shanu da ke manne a bango. Tarihi, na kawo abin da na ji daga bakin wani tsohon madugu, marigayi, game da hanyar fataken goro. Koke ne kawai ya gagara, domin a wancan zamani wa zai ba ka nasa?

Ana nan sai aka tura ni Jugu in gwada babin a wani aji kafin a buga. Ajin a zauren wani gida yake, ana zama bayan la'asar: mahauta, direbobi, masaƙa, da mata 'yan kasuwa kaɗan a gefe. A layin gaba akwai wani dattijo da zan kira Salifu, marini, ya haura hamsin, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Yana riƙe da fensir kamar mai tsoron kada ya karye. Malamin ajin ya gaya mini cewa watanni bakwai Salifu ya yi kafin ya iya rubuta sunansa, kuma ranar da ya iya, ya bi shagunan unguwa yana rubuta wa mutane shi a kan duk abin da ya samu.

Ranar na koya musu koke. Na ce sharuɗɗansa biyar ne: wane ne kai, wa kake kai wa kuka, me aka yi maka, me kake roƙo, sannan sunanka a ƙasa da hannunka. Wani direba ya tambaya ko ana iya barin sunan, aka yi dariya. Na ce masa wanda ya kai kuka ya ɓoye sunansa ba koke ya rubuta ba, tsegumi ya yi. Na ce kowa ya gwada rubuta nasa a gida, don koyo kawai.

Bayan mako guda malamin ya aiko mini da littattafan rubutunsu. Yawancinsu wasa suka yi, wani yana ƙarar akuyar maƙwabci, wata tana ƙarar mijinta a kan minshari. Na Salifu kuwa ga shi, har yau ina iya karanta shi da ka:

"Ni Salifu, marini ɗan marini, ina kai kuka ga shugaban gunduma. A karofinmu rijiyar rini tara muka gada. Delegen unguwa ya zo da mota ya cike shida da jar ƙasa, ya ce filin taro za a yi. Ba a tambaye mu ba. Ruwan baba yana ciki, har da zannuwan mutane. Ina roƙon a bar mana ukun da suka rage. Ni na rubuta da hannuna."

Delege shi ne wakilin jam'iyya a unguwa, wanda ya maye gurbin mai unguwa a zamanin. Da na karanta takardar sai na ji farin ciki irin na mai neman hujja da ya same ta. Sharuɗɗa biyar, babu wanda ya faɗi, babu kalmar da ta yi yawa. Ban tambayi kaina ko Salifu ya aika da ita wani wuri ba. Bai aika ba. Ya rubuta ne domin malaminsa ya gani. Ban kuma nemi izininsa ba, domin a ganina girmama shi zan yi: sunan marini a cikin littafi, kusa da na madugu. Na kwafe ta yadda take, na rubuta sunansa da unguwarsa a ƙasa.

Madam Adiza tana cikin bugawa sai ta tsaya, ta kira ni.

"Malam, mutumin nan yana da rai?"

Na ce yana nan lafiya lau.

Ta ce, "To shi ya sa na tambaya. In sa masa wani suna? Ga sunaye nan birjik, ko na mijina ma ka ce in sa, shi ba ya rini."

Maimakon in saurare ta, sai na tsaya a kanta na yi mata wa'azi a kan amanar ilmi. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita mai bugawa ce, abin da aka ba ta take bugawa, ta juya ga injinta tana dukan baƙaƙen da ƙarfin da ya wuce na kullum. Direkta kuwa, kamar yadda ya saba da teburin Hausa, kawunan Faransanci kawai ya karanta, ya sa hannu, ya ce Kamarad Malam ya yi aiki. Littafi ya fita.

Mako uku bayan haka malamin ajin Jugu ya sauka daga motar safe ya shigo ofishinmu, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce wani mahauci da ya fara jin daɗin karatunsa ya ɗauki littafin zuwa kasuwa, ya karanta koken da babbar murya a rumfar nama. Mutane suka taru, kowa ya san karofin, kowa ya san delegen. Kafin azahar magana ta isa inda za ta isa. Delege ya kai ƙara cewa wani maƙiyin juyin-juya-hali ya yi amfani da takardar gwamnati ya zubar da mutuncin wakilin jam'iyya. Jandarmomi suka ɗauke Salifu daga bakin rijiyarsa, hannunsa na ɗigar ruwan baba. Kwanansa tara ke nan a tsare, kuma ana maganar wucewa da shi inda ba a cika dawowa da wuri ba.

Direkta ya kira ni ɗakinsa. Ya fara da faɗa da Faransanci, ƙofa a buɗe, domin duk ofishi ya ji cewa bai san komai ba. Sannan ya rufe ƙofa, ya cire tabarau, ya koma Hausa da murya ƙasa-ƙasa. Sa hannunsa yana kan littafin, shi ma wuyansa yana ciki. Ya ce ya yi magana da manya, an sami mafita. Ni zan sa hannu cewa ni na ƙaga takardar don koyarwa, na ari sunan wani ɗalibi bisa kuskure. Salifu zai sa hannu cewa bai taɓa rubuta ta ba, kuma babu abin da aka yi masa. Daga nan sai a sake shi.

Na tambaye shi, an cike rijiyoyin ko ba a cike ba? Ya ce ba a tambaye mu wannan ba. Na ce zan rubuta gaskiya, cewa mutumin bai aika wa kowa ba, ni na buga ba da saninsa ba, laifin nawa ne, a tsare ni a madadinsa. Ya girgiza kai kamar mai magana da ƙaramin yaro.

"Kamarad Malam, kai ka rubuta babin, ka fi ni sani. In koke ne, akwai mai koke, kuma mai koke yana hannu. In ƙage ne, babu kowa. Zaɓi ɗaya."

Fushi ya kama ni. Yaron nan da bai karanta shafi ɗaya na aikina ba, ga shi ya fahimci layin da na ja fiye da kowa, kuma ya san daidai inda zai taka shi. Na ce masa mahaifinsa ya yi shekara arba'in yana auna yadi, ba a taɓa kama shi ya rage ko taƙi ɗaya ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa ba a kai mutum sansanin soja a kan taƙi.

Na koma gida da rana tsaka na buɗe littattafaina, ba don ban san hukuncin ba. Na sani sarai cewa malamai sun halatta, har wasu sun wajabta, faɗin abin da ba haka ba domin kuɓutar da wanda ake zalunta daga hannun azzalumi. Na kuma san hukuncin wanda aka tilasta. Amma sauƙin nan an yi shi ne domin wanda azzalumi ya zo yana tambayarsa inda wani ya ɓuya. Ni kuwa ni na nuna ƙofar, na rubuta sunan unguwa a ƙasa, aka buga a injin gwamnati.

Duk da haka na amince, ni da Direkta muka tafi Jugu a motar ofishi. Aka shigar da mu wani ɗaki a bayan ofishin gunduma. Delegen yana nan zaune, yana kaɗa makullai a yatsa. Aka shigo da Salifu. Ya rame, an aske masa kai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne hannuwansa: shuɗin ya koɗe, ya rage a farce da tsagin fata kawai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyalina da gajiyar hanya, kamar a zaurena muke.

Na sa hannu a tawa takardar tukuna. Alƙalamin bai ƙi rubutu ba, hannuna bai shanye ba, ko da yake na so hakan. Sannan Direkta ya tura wa Salifu tasa, wadda aka sa ni na fassara da Hausa, ya ce in karanta masa. Salifu ya ce a bari, zai karanta da kansa. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, yana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Delege yana ta kaɗa makullansa. Ya daɗe. Da ya kai ƙarshe sai ya koma sama ya sake duba kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kan takardar, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, an rubuta Shaida a nan. Ita ce shaidar da ka koya mana? Wadda ido ya gani?"

Na yi shekaru ina amsa tambayoyin gado da na saki, masu rikitarwa, babu wadda ta kai wannan nauyi a kaina. Da ƙyar na ce masa an tilasta shi, Allah ba zai kama shi da ita ba, zunubin yana wuyana da wuyan waɗanda suka kawo mu nan. Na ce ya tuna da iyalinsa.

Ya ce, "Na ji. Waccan da na rubuta fa, me ta zama?"

Direkta ya riga ni amsawa, ya ce tatsuniya ce. Delege ya yi dariya.

Salifu ya dubi alƙalamin da aka miƙa masa, bai karɓa ba. Ya ce shi bai iya rubutu ba, a kawo tawada ya dangwala.

Na so in tashi in kifar da teburin. Mutumin da ya yi wata bakwai yana koyon baƙaƙen sunansa, wanda yanzun nan ya karanta shafi guda gaban idonmu. Direkta kuwa fuskarsa ta washe, ya ce wannan ma ya fi, domin ya tabbatar da cewa mutumin ba zai iya rubuta koke ba. Aka kawo tawada. Salifu ya tsoma babban yatsansa ya danna a ƙasan takardar, ya tsaya yana kallon yatsan ya koma shuɗi. Kafin la'asar aka sake shi.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila fushina ya huce da shekaru. Amma sai umarni ya zo cewa a janye littafin a sake bugawa, kuma kada a cire takardar Salifu, domin cirewa za ta sa mutane su ce gaskiya ce aka ɓoye. Aka mayar da ita ƙarƙashin layin nan mai kauri da na ja da rula, ta zama misalin ƙagaggen labari, aka goge sunan, aka sa "wani marini". Gurbin koke kuwa Direkta ya cike shi da kansa: wasu manoma na wani ƙauye da bai da suna suna kukan cewa ba a ba su isasshen lokacin aiki a gonar gama-kai ba. Madam Adiza ta buga duka biyun ba ta dube ni ba. Da ta gama ta miƙo mini sitansil in duba kurakurai, ta ce, "Babu kuskuren baƙi ko ɗaya, Malam." Shekaru aka yi ana koyar da manya da wannan littafi, daga Paraku har Jugu, da sunana a bangonsa. Mutanen Jugu suna karanta shi, suna wucewa ta gefen filin taro, sun san abin da ke ƙarƙashin jar ƙasar. Ukun da suka rage ma an cike su kafin damina ta gaba. Ajin zauren ya watse, domin babu wanda ya yarda ya sake ba malami littafin rubutunsa.

Za ku tambaya me ya sa ban ajiye aikin ba. Na yi wa kaina hujjoji da yawa: iyali, da cewa in na tafi wanda zai gaje ni zai fi ni ɓarna. Wasu hujjojin gaskiya ne. Amma na zauna, kuma ban yafe wa kaina zaman ba.

Bayan mulkin ya shuɗe, aka daina kamarad, kowa ya koma Malam da Alhaji. Direkta ya sami wani muƙami a sabon tsari, na ji shi a wani taro yana jawabi a kan 'yancin faɗin albarkacin baki, na tashi na fita. Delegen ya tsufa yana sahun gaba a masallaci. Ni kuwa na tafi Jugu na nemi Salifu. Na same shi yana taya wani ɗan'uwansa bugun zane, domin bai sake samun rijiya tasa ba. Na durƙusa gabansa, abin da ban taɓa yi wa wanda ba malamina ba, na nemi gafara. Na kai masa sabon littafin rubutu da alƙalami. Ya ɗaga ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya mayar mini da littafin a hannuna.

"Na yafe maka, Malam, tuntuni. Kai ba mugu ba ne, ba ka tambaya ba ne kawai. Amma kada ka sake sa sunana a takarda."

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke kan teburan nan yanzu. Sunayen da muke koya wa mutane, rahoto da shaida da tarihi da koke, ba ado ba ne da ake liƙawa a saman shafi. Duk wanda ya rubuta ɗaya daga cikinsu ya ɗauki alkawari, kuma babban ha'incin da ake yi a sana'ar nan ba a cikin jimloli ake yinsa ba, a wajen sa wa takarda suna ake yi. Na ga mutanen da ba za su iya satar allura ba suna rubuta Shaida a kan ƙarya don a tashi aiki lafiya. Ina ɗaya daga cikinsu. Na biyu, mutumin da ya ba ku rubutunsa ya ba ku wuyansa, musamman wanda ya koyi rubutu da furfura, domin shi bai san dabarun ɓuya a bayan kalma ba, abin da ke ransa yake zubawa. Ku tambaye shi kafin ku buga. In mai tafireta ta tsaya ta tambaye ku ko mutumin yana da rai, ku rufe bakinku ku saurare ta.

Salifu ya rasu shekarun baya, Allah ya ji ƙansa, ya saka masa da abin da ya fi rijiya tara. Yanzu babu jandarman da zai je ƙofarsa, kuma bisa tarbiyyata ya kamata in ambace shi da cikakken sunansa, kamar yadda nake ambaton malamaina. Ba zan yi ba. Salifu ba sunansa ba ne, kuma ban faɗi unguwarsa ba, domin ya hana ni, kuma wannan karon na ji. In wani cikinku ya ce to ai takardar nan ta rasa sharaɗi, sai in ce masa ya duba da kyau. Wannan ba kokensa ba ne, shaidata ce. Rijiya tara ne, an cike su, ya rubuta da hannunsa, na gani da idona. Ku sa ta a saman layi, sunan da zai ɗauki nauyinta nawa ne.